Ƙarar da Baba Tsoho Ya Ji

Akwai wata dariya da na yi a hutuna na farko bayan shigowa makarantar nan, wadda har yau in na tuna ta sai kunya ta rufe ni. Kakana na yi wa ita, mahaifin babana, wanda duk gidanmu muke kira Baba Tsoho. Ina so in ba ku labarinta kafin in tattara kayana in bar hostal, saboda ita ce asalin furojek ɗina, kuma na tabbata ba ni kaɗai na taɓa komawa gida da karatun simesta ɗaya a ka ina jin duk garin babu kamata ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi. Masara, dawa, waken suya da auduga, su ne rayuwarmu. A daren da nake magana lokacin hunturu ne, muna zaune a tsakar gida an hura wuta da kara, sai wani tauraro ya tsinke ya ja layi a sama ya ɓace. Mahaifiyata ta yi a'uziyya, kamar yadda aka saba, don tun muna yara ake gaya mana jifan shaiɗanu ne masu satar sauraro. Baba Tsoho bai gan shi ba, yana ta riga ta rufe masa ido. Da aka gaya masa sai ya gyara zama ya ce, "Wannan ai ɗan ƙarami ne. Ni na ga babbansu, har na ji muryarsa."

Ya ce yana saurayi, bai ko yi aure ba, shi da wansa suka kwana a gona gadin dammunan dawa. Yana kwance kan busasshen kara, dare ya raba, sai gari ya yi haske kamar hantsi. Ya ɗaga kai ya ga wata wuta, fara mai ratsin kore, ta taso daga gabas tana tafiya yamma. Kuma a daidai lokacin da yake kallonta yana jin wata ƙara, shuuu, kamar maƙeri ya tsoma jan ƙarfe a ruwa. Wutar na mutuwa ƙarar ta ɗauke. Ya ce sai da ya tashi wansa, suka yi addu'o'in da suka iya, har zuciyarsu ta fara kwanciya, sannan suka ji wani rugugi daga nesa kamar na hadari, alhali ko ɗigon girgije babu.

Nan fa na ƙyalƙyale da dariya. Na ce, "Baba Tsoho, wannan kam ka ƙara gishiri." Na shiga yi masa lacca. Sauti yana tafiyar mita 340 ne a sakan ɗaya, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Wutar da ya gani kuwa tana can sama wajen kilomita 100, don haka ƙararta sai ta yi kusan minti biyar kafin ta iso kunnensa. Ba yadda za a yi ya gani kuma ya ji a lokaci guda. Na ce tsoro ne ya sa kunnensa ya ƙirƙiro. Ƙannena suka taya ni dariya.

Tsakanin jika da kaka akwai wasa, kuma da ma kullum muna yi. Amma wannan bai karɓe shi a wasa ba. Shiru ya yi, can ya ce, "To, ɗan boko. Ni dai na ji." Bai sake ɗauko labarin ba. Washegari babana ya kira ni gefe ya ce, "Kai, ba a ƙaryata tsoho gaban yara." Na ba da haƙuri a baki, amma a raina cewa nake lissafi ba ya ƙarya.

Da muka shiga shekara ta biyu aka ce kowa ya kawo taken furojek. Mu 'yan sashen lantarki kun san abin da aka saba: inbata, caja mai sola, na'urar da ke kashe famfo in tanki ya cika. Ni abin da ke raina daban ne. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua, Malumfashi, Bakori da Faskari. Duk wanda yake yankin a lokacin ya san yadda muka yi. Wayoyi suka koma tocila. Mai son jin lafiyar ɗan'uwansa sai ya hau mota ya tafi inda sabis yake. Abin da bai mutu ba shi ne tsohuwar rediyon Baba Tsoho, wadda yake kama BBC da Rediyon Kaduna da ita. Tun lokacin tambaya ɗaya ke damuna: shin akwai hanyar aika saƙo nesa ba tare da dogayen ƙarafunan kamfanin waya ba?

Cikin neman amsa a intanet na ci karo da wani abu da na ɗauka wasa ne. A Amurka, tun ƙarshen shekarun 1970, akwai wani tsari mai suna SNOTEL da ke auna yawan dusar ƙanƙara a kan duwatsun yammacin ƙasar, inda babu waya babu hanya. Shekaru da dama tashoshinsa suna aika bayanansu ta hanyar jingina saƙon a jikin sawun taurarin nan masu tsinkewa. Na karanta sau uku kafin na yarda.

Bari in yi bayanin yadda abin yake, don shi ne ƙashin bayan labarin. Abin da muke cewa tauraro ya faɗi ba ya cikin taurarin da muke gani a kafe. Ɗan tsakuwa ne, galibi bai wuce ƙwayar yashi ko ta gero ba, yana yawo a sararin samaniya har duniyarmu ta ci karo da shi. Yana shigowa da gudun kilomita 11 zuwa 72 a sakan ɗaya. Mai matsakaicin gudu a cikinsu zai tashi daga Funtua ya isa Malumfashi kafin ka ƙirga biyu. Da irin wannan gudu, in ya daki iska a tsayin kilomita 80 zuwa 120, sai ya ƙone ƙurmus, ita kuma iskar da ya ratsa zafi ya fizge mata ƙwayoyin lantarkinta, wato ilektiron. Sai a sami wani dogon ziri mai ɗaukar lantarki a rataye a sama, tsawonsa kilomita da yawa. Wannan ziri madubi ne ga igiyoyin rediyo. Ba ya daɗewa, yawanci ƙasa da sakan ɗaya, na manya kuma ya kai sakan da yawa kafin ya watse.

Ga inda abin ya shafi rediyon gida. Tashoshin FM, masu watsa shiri tsakanin megahaz 88 zuwa 108, igiyarsu miƙe take tafiya, ita kuwa duniya a lanƙwashe take. Shi ya sa kana barin Kano da 'yar tazara tasharka take shaƙewa. Tashar Legas ko Yamai ko Njamena ba ta isowa ƙauyenmu, igiyarta ta saman kanmu take wucewa ta tafi. Amma in aka yi dace ɗan tsakuwan nan ya ƙone a tsakaninmu da tashar, madubin zai karkato da igiyar ƙasa, ka ji muryar gari mai nisa na ƙiftawar ido, sannan ta ɓace. Hakan na iya haɗa wurare biyu da ke da tazarar kusan kilomita 2,000.

Ba sabon ilimi ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Bernard Lovell ya kai wata tsohuwar radar soja wani fili mai suna Jodrell Bank a Ingila, yana neman wani abu daban, sai ya riƙa samun amsa-kuwwa daga waɗannan zirare. A 1947 shi da abokan aikinsa suka gano cewa akwai ruwan taurari da ke zuba da rana tsaka, wanda ido ba zai taɓa gani ba.

Na kai wa malamin da ke duba aikina wannan shawara. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan zai ba ka abinci?" Gaskiyarsa. Babana buhunan masara yake sayarwa yana biya mini rajista, burinsa in fito in iya haɗa sola in riƙa samun na kaina. Amma malam ya yi mini adalci. Ya ce in je in gwada a hutun Disamba, in na dawo da rikodin da za a iya karewa gaban kwamiti ya sa hannu, in ban dawo da komai ba in ɗauki inbata kamar kowa, kuma lokacin da na ɓata ni na jiyo. Na san ma'anar hakan. In abin ya ƙi, ina iya ƙara shekara, kuma ban san da wane baki zan gaya wa babana ba.

Ana cikin haka na gano abin da ya fi ba ni haushin kaina. Ina karanta labarin duwatsun da suke da girman da ba sa ƙonewa duka, har su iso ƙasa, sai na ga suna: Zagami. Na ce wace Zagamin? Ashe tamu ce, ta ƙasar Faskari, nan maƙwabtan Funtua. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, da rana, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da dutsen Zagami sai ya ji wata gagarumar fashewa, iska ta buge shi, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse ƙasa kamar ƙafa biyu. Da aka tono, dutse ne mai nauyin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Daga baya masana suka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne. A 1995 aka auna iskar da ta maƙale cikin wasu ƙananan gurabe a jikinsa, ta dace da iskar Mars da kumbon Viking ya auna a 1976. Shekaru masu yawa shi ne guda mafi girma da aka taɓa samu daga Mars. A watan Nuwambar 1996 aka maƙala ɗan ɓallinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor aka harba, ya koma yana kewaya inda ya fito.

Ku duba fa. Dutse ya taso daga Mars, ya sauka gonar wani bawan Allah a ƙasarmu, an yayyanka shi ya bazu gidajen tarihi da ɗakunan bincike na duniya, har guntunsa ya koma sama, ni kuma da na yi firamare da sakandare a yankin ban taɓa jin sunansa a aji ba. Da na kira gida na tambayi Baba Tsoho, cewa ya yi, "Dutsen Zagami? Ai mun ji labarinsa a kasuwar auduga. An ce hukuma ta zo ta ɗauke." Wato tun kafin a haifi babana ya sani. Ni ne ban taɓa tambaya ba. Kuma abin bai tsaya a 1962 ba. A 2023 an tsinci wani dutsen Mars a yankin Agadas na Nijar, mai nauyin kusan kilo 25, a watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita ƙasar.

Kayan aikina ba su da yawa. Na sayi wata 'yar na'ura mai kama da filash, ana kiranta RTL-SDR, wadda ke mayar da kwamfuta rediyo har ka riƙa ganin igiyoyin a allo. Kuɗinta daga waken suyar da na noma a ɗan fegina ya fito. Eriya kuwa da kaina na haɗa, irin mai ƙashin kifi da ake kira Yagi, da bututun alminiyon na tsohuwar eriyar talabijin. Igiyar FM tsawonta wajen mita uku ne, don haka babban sandan ya zama kusan mita ɗaya da rabi. Abokin ɗakina ya ara mini laftof, wani ɗan ajinmu ya ba ni batirin sola.

Na fara gwaji a hostal, abin ya ƙi. Janareto, cajojin waya, ƙwayayen fitila masu araha, kowanne yana fitar da hayaniyarsa a rediyo, allon ya cika da datti. Da na kai kayan ƙauye na kunna, sai na ga allo fes. Rashin wutar da muke kuka da shi shekara da shekaru, shi ya sa ƙauyenmu ya fi makaranta dacewa da sauraron sama. Na yi dariya ni kaɗai, irin dariyar da ba ta daɗi ba.

Amma ban yi lissafin wani abu ba. Na ɗaure eriya a dogon gora na jingina da rumbu, ina zama gabanta da kwamfuta har asuba. A dare na uku sai ga sallama a ƙofar gida: mai unguwa da 'yan sintiri biyu. Magana ta zaga gari cewa yaron gidan nan ya kafa na'urar magana da mutanen daji. Duk ɗan yankinmu ya san nauyin kalmar infoma, kuma ya san ba kullum ake tsayawa bincike ba. Ban ga laifinsu ba, mutanen da ba sa barci don mu yi barci ne, kuma an sha cutar su ta hannun na gida. Amma wallahi gwiwoyina sun yi sanyi. Na fara bayani, ina ilektiron ina megahaz, ina ganin fuskokinsu suna ƙara ɗaurewa.

Sai Baba Tsoho ya fito yana dogara sanda. Ya ce, "Mai unguwa, barka da dare. Yaron nan ba ya aika komai, saurare kawai yake. Taurari yake nema a rediyo. Ni na ja masa, da wani labari da na ba shi ya ƙaryata ni." Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma ya ce su zauna su ji da kunnensu. Mutumin da na kunyata gaban jikokinsa, shi ya tsaya mini. Na nuna musu cewa na'urar ba ta da makirfo, ba ta da hanyar fitar da magana. Mai unguwa ya ce gobe in je in yi wa dagaci bayani, kuma kada in kuskura in kai kayan nan gona da dare. Da ma wa zai je? Rabon da wani a garinmu ya kwana gadin amfanin gona kamar yadda su Baba Tsoho suka yi, an daɗe. Yanzu ana la'asar kowa ke haramar gida.

Aikin kansa haƙuri ne. Ka nemi gurbin da babu wata tashar kusa a kai, ba Kaduna, ba Zariya, ba Kano, ba Katsina, sai shuuu kawai. Wannan kaɗai ya ci mini dare biyu. Sannan ka zauna. A dare na biyar, wajen ƙarfe huɗu, ina gyangyaɗi, sai wata mace ta yi magana cikin kunnena da Faransanci. Kalma biyu, ko ɗaya da rabi, ta ɓace. Na zabura har na ture kofin shayi. Na mayar da rikodin baya, ga shi a allo: layi ya miƙe tsaye farat ɗaya, sannan ya zube cikin ƙasa da sakan. Haka littattafai suka ce sawun tauraro yake. Na jirgin sama daban ne, a hankali yake tasowa, ya yi ta rawa, ya daɗe kafin ya tafi, kuma na koyi ware su.

Daga nan na buɗe littafi ina rubuta lokacin kowanne. Abu biyu suka fito, kuma su ne hujjar da na kai wa malam. Na farko, da magariba sai ka daɗe ba ka ji komai ba, amma daga tsakar dare suna ƙaruwa har su fi yawa gab da fitowar rana. Dalili shi ne da asuba ɓangarenmu na duniya ne ke gaba a tafiyarta ta kewaya rana. Wanda ya taɓa tuƙa babur da damina ya sani, fuska ƙwari ke bugu, ba ƙeya ba. Na biyu shi ne daren 13 zuwa 14 ga Disamba. Kowace shekara a wannan lokaci duniya tana ratsa ƙurar da wani dutsen sama mai suna Phaethon ya bari a hanyarsa, sai a sami ruwan taurarin da ake kira Jeminid. A daren hazo ya sauko sosai, ko manyan taurari da ƙyar ake hangowa. Amma igiyar rediyo ba ruwanta da hazo. Abin da nake rubutawa a shafi ɗaya sauran darare, ranar sai da na ci shafuka. An ce gani ya kori ji, to a hunturun Katsina ji ne ya yi mana rana.

A daren ne Baba Tsoho ya fito tun kafin kiran assalatu ya zauna kusa da ni cikin bargo. Na sa masa abin sauraro a kunne. Ya daɗe shiru, can ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga wani." Jim kaɗan, "Ga wani kuma, wannan da kiɗa ya zo." Kunnensa ya fi nawa, yana kama waɗanda sai na duba allo nake tabbatarwa. Mutumin da ya yi shekaru bai ga tauraro ba, ga shi yana ƙirga su. Da aka kira salla ya cire abin ya ce, "Amma wannan ba irin ƙarar da na ji ba ce."

Kuma gaskiya ya faɗa. Abin da na kama muryar mutane ce da sawun tauraro ya maido, kamar amsa-kuwwa a jikin dutse. Tambayar da ta rage ita ce, shi kansa tauraron yana fitar da igiyar rediyo tasa? Na koma karatu, kuma abin da na samu shi ya sa na rubuta wannan.

A 2014 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar New Mexico ta Amurka, Kenneth Obenberger, yana aiki da wata tashar sauraron sama mai suna LWA1, eriya 256 a shimfiɗe cikin hamada. Fashewar taurari masu nisa yake nema. Sai ya riƙa ganin wasu tabo suna haskawa a hotunan rediyonsa, a zangon da ke ƙasa da na FM, suna daɗewa sakan da yawa, wasu har su haura minti. Da aka gwada lokutansu da na kyamarorin hukumar NASA masu ɗaukar manyan wutaten sama, sai wasu suka dace. Ba maido da muryar kowa suke ba, sawun da babbar wuta ta bari ne da kansa yake fitar da igiyar rediyo bayan hasken ya mutu. Bayanin da aka fi kawowa shi ne ilektiron ɗin da ke cikin zirin suna kaɗawa tare, wannan kaɗawa ce ke fita a matsayin igiya. Ku lura da shekarar: 2014. Kuma ɗalibi ne ya gano.

Sai batun ƙarar Baba Tsoho. Ashe ɗaruruwan shekaru mutane a ƙasashe daban-daban suna ba da irin labarinsa: sun ga babbar wuta, kuma a lokaci guda sun ji shuuu ko ƙas-ƙas. A 1719 wata ta ratsa samaniyar Ingila, mutane suka ce sun ji ta, sai babban masanin taurari Edmond Halley ya yi irin lissafina ya ce zato ne kawai. Aƙalla dai ba ni kaɗai na yi wannan kuskure ba. A 1978 wata ta wuce ta saman New South Wales a Ostireliya, shaidu da yawa suka ce sun ji, wani masani mai suna Colin Keay ya ɗauki maganarsu da muhimmanci. A 1980 ya kawo bayani cewa babbar wuta na iya fitar da igiyar rediyo mai ƙaramin zango ƙwarai, wadda ke tafiya da gudun haske, in ta iso ƙasa ta girgiza abubuwan da ke kusa da mutum, kamar busasshen ganye, gashi ko siririn ƙarfe, su kuma su yi ƙara. A 1998 wasu masu bincike daga Kuroshiya suka naɗi irin wannan ƙara da makirfo a Mongoliya. A 2017 wasu a Amurka suka kawo wani bayanin, cewa hasken ne da kansa, in yana ƙyaftawa da sauri, yake ɗumama busassun abubuwa har iskar jikinsu ta yi sauti. Masana na ci gaba da muhawara kan wanne ya fi ƙarfi, amma duka biyun sun haɗu a abu ɗaya: ƙarar a gefen mai sauraro ake haifar ta, kuma busassun abubuwa ne suka fi yin ta.

A kan me Baba Tsoho ya ce yana kwance? Busasshen karan dawa.

Lissafina na minti biyar daidai ne. Har ma yana cikin labarinsa: rugugin da ya ce sun ji bayan sun gama addu'a, shi ne sautin da ya biyo iska ya iso a makare. Ƙara biyu ya ba ni, kowace da lokacinta, tsaf kamar wanda ya riƙe agogo. Ni ne na ɗauki rabin bayanin na yi masa dariya da shi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na saka shi a wuyana da hannuna.

Kafin in dawo makaranta na tara ƙannena, waɗanda suka taya ni dariya, a gaban Baba Tsoho. Na ce, "Baba Tsoho, ka yafe mini. Abin da ka ji gaskiya ne, har Turawa sun naɗe shi a na'ura." Ya yi murmushi ya ce, "Wato sai da Bature ya ji sannan na zama mai gaskiya?" Ban sami amsa ba, kuma har yanzu tambayar tana cina. Sannan ya ce, "Na yafe, ja'iri. Amma ka rubuta, kada in mutu da shi." Na rubuta, da bakinsa, na sa a ƙarshen rahoton furojek ɗina.

Malam ya saurari rikodin, ya duba jadawalin asuba da na daren Jeminid, ya sa hannu. Ya ce a ranar kariya kada in ce na kama muryar tauraro, in faɗi abin da na kama daidai, kuma na ga hikimar hakan. Babana har yanzu sola yake so in koya, kuma zan koya, don tauraro ba ya biyan kuɗin taki.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai ba shi da yawa. In kun je hutu, ku zauna da tsofaffinku da biro da takarda. Ku tambaye su abin da suka gani a sama, shekarar da aka yi fari, yadda suke gane saukar damina da fitowar Kaza da 'Ya'yanta. In sun faɗi abin da ya saɓa wa handawut, ku rubuta tukuna kafin ku yi gardama. Mutanen da suka kwana a fili shekara hamsin suna kallon sama suna ƙarewa, mu kuma tsoro ya kore mu cikin ɗaki. Ƙila akwai sauran waɗanda suka ji faɗuwar dutsen Zagami da kunnensu, kuma ya kamata ɗan Katsina ya rubuta nasu labarin da Hausa.

Wajen 7 ga Yuni ruwan taurarin rana da su Lovell suka gano yake kai ƙololuwa, ana kiransa Ariyetid. Ido ba ya ganinsa, ga rana ga giragizan damina, sai dai rediyo. In Allah Ya kai mu zan kafa eriyata a can ƙarshen filin ƙwallo, nesa da janareto, tun bayan sallar asuba. Duk mai so ya zo da abin sauraronsa, ya kuma kashe cajar wayarsa.